Hutun shekara guda daga aiki: Yadda ake zagaya birnin Alƙahira a tsanake

Hutun shekara guda daga aiki dama ce da ba kowane ma'aikaci ke samu ba, wanda ya samu kuwa da wuya ta sake zagayo masa fiye da sau ɗaya ko biyu kafin ya yi ritaya. Wasu kan ƙarar da ita wajen ƙarin karatu, wasu wajen gini ko noma, wasu kuma kan ware 'yan watanni domin ganin biranen da suka daɗe suna jin labarinsu. Wannan maƙala ta tattaro bayanan da masu niyya ta ƙarshen suke buƙata, ta kuma ɗauki Alƙahira, babban birnin Masar, a matsayin misali.

Alƙahira ba baƙon wuri ba ne ga mutanenmu. Jiragen EgyptAir na zuwa can kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas, 'yan kasuwa da masu jinya da ɗalibai kuma ba su yankewa a hanyar. Sai dai mafi yawansu kan dawo ba su ga komai ba sai otel da asibiti da kasuwa, idan ta yi kyau a kai su wajen dala su ɗauki hoto. Mai dogon hutu yana da abin da waɗannan ba su da shi, wato lokaci. Birni mai mutum fiye da miliyan 20, wanda tarihinsa na Musulunci kaɗai ya haura shekara 1,300, ba ya ganuwa a kwana biyar.

Ire-iren dogon hutu

Wanda aka fi sani shi ne hutun sabatikal na malaman jami'a. Asalin kalmar daga Ibrananci ne, tushenta ɗaya da “Sabt” ta Larabci, wadda Hausa ta samo “Asabar” daga gare ta, ma'anarta kuwa hutu a karo na bakwai. A jami'o'in Nijeriya, babban malami kan cancanci shekara guda bayan ya yi shekara shida yana aiki a jere, kuma albashinsa ba ya tsayawa. Amma ana sa ran ya gabatar da tsarin bincike ko koyarwar da zai yi a wata cibiya, ya kuma kawo rahoto idan ya dawo. Ke nan yawon buɗe ido a wurinsa ƙari ne a kan aiki.

Ga ma'aikacin gwamnati, dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutun ƙaro karatu mai albashi da marar albashi, da kuma izinin barin aiki na wani lokaci, wanda galibi ba ya ɗauke da albashi. Kowanne yana buƙatar amincewa a rubuce. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba babban laifi ne a waɗannan dokoki, hukuncinsa kuma na iya kai wa ga kora. Don haka alƙawarin baki daga shugaban sashe ba ya wadatarwa, komai amincin da ke tsakani, domin ana iya canza masa wurin aiki kafin mai hutu ya dawo.

Ɗan kasuwa shi ke ba kansa hutu, amma nasa haɗarin ya fi yawa, tunda ba shi da takardar da za ta riƙe masa gurbi. Idan jarin ya karye a bayansa, ba ofishin da zai kai ƙara a mayar masa.

Abin da ake kammalawa kafin a tashi

Na farko, takardar amincewa mai ɗauke da ranar fara hutu da ranar komawa, a ajiye kwafinta a gida, a tafi da wani. Ya kamata ma'aikaci ya tambaya a rubuce yadda hutun zai shafi ƙarin girmansa da lissafin shekarun aikinsa. Haka kuma batun fansho: a ƙarƙashin dokar gyaran fansho ta 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikinsa kuma kashi 10, saboda haka duk watan da babu albashi babu abin da zai shiga asusunsa.

Na biyu, kuɗi. Ana fara cire abincin gida da kuɗin makaranta da na haya da na magani na tsawon shekarar, a ƙara da abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku bayan dawowa, sannan abin da ya rage shi ne guzuri. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, aka kuma saki na fam ɗin Masar a watan Maris na 2024, lissafin wanda ya je shekarun baya ba abin dogaro ba ne. A nemi farashin wannan watan daga bakin wanda ke zaune can.

Na uku, ga mai shago ko rumfa: a ƙirga kaya a gaban shaidu, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake bin sa, a fayyace wa wakili iyakar abin da zai iya saye ko bayarwa bashi, a kuma tsayar da ranar da zai riƙa turo lissafi. Idan watan fitar da zakka zai faɗo cikin tafiyar, a wakilta wanda zai fitar.

Na huɗu, takardun tafiya. Ɗan Nijeriya yana neman bizar Masar tun kafin ya tashi, ta hanyar ofishin jakadancinsu, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara. Bizar yawon buɗe ido gajeriya ce, galibi ta wata guda. Mai son daɗewa sai ya nemi ƙari a ofishin fasfo da shige-da-fice kafin ta ƙare, ko kuma ya yi rajista a wata makaranta ya nemi izinin zama na ɗalibi. Wuce wa'adi yana jawo tara, yana kuma iya ɓata neman biza na gaba.

Wane lokaci ya dace

Hutun shekara ba ya nufin wata goma sha biyu a waje. Wata biyu zuwa uku sun isa mutum ya san Alƙahira sani na gaske, sauran lokacin ya ba iyali da sauran buƙatu. Mafi dacewa shi ne tsakanin Oktoba da Maris. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan wuce maki 35 a birnin, a kudancin ƙasar kuma ya haura 40, alhali mafi yawan yawon na ƙafa ne. A Disamba da Janairu dare kan yi sanyi sosai, kuma gidajen haya da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki, don haka rigar sanyi da bargo wajibi ne. Tsakanin Maris da Mayu akwai iskar da suke kira khamasin, mai ƙura kamar ta hunturunmu, sai dai ita mai zafi ce, masu asma su kiyaye.

A ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ake baje kolin littattafai na duniya na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969, kuma yana cikin mafiya girma a ƙasashen Larabawa. Watan Ramadan ma yana da nasa armashin: fitilun ado a kan tituna, teburan buɗa-baki na sadaka, da kasuwannin da ba sa tashi sai kusan sahur. Amma gidajen tarihi kan rufe da wuri a watan. Ranakun hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, safiyar Juma'a kuma ita ce lokacin da tituna suka fi sauƙin wucewa.

Yadda birnin ya ginu

Wanda ya fahimci wannan ba zai ɓata ba: Alƙahira birane ne da dama da aka gina ɗaya bayan ɗaya a gabashin kogin Nilu, kowane sabo a arewacin wanda ya gabace shi. Fusɗaɗ ce ta farko, wadda sahabi Amru ɗan Asi ya kafa wajen 641. A ƙarni na 9 Ahmad ɗan Ɗulun ya gina nasa garin a arewa da ita. A 969 Jauhar, kwamandan daular Fatimiyya, ya zana sabon birni mai ganuwa, shi ne aka raɗa wa suna Alƙahira. Salahuddin Al'ayyubi ya fara ginin babbar ganuwar kan tudu a 1176. Sarakunan Mamalik sun cika birnin da masallatai da makarantu daga 1250 har Turkawan Usmaniyya suka ci su a 1517. A ƙarni na 19 Khidiwi Isma'il ya shimfiɗa sabuwar unguwa irin ta Turai tsakanin tsohon birni da kogi. A yau kuma gwamnati na ƙaura zuwa sabon birnin mulki a cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Hanya mafi amfani ita ce a bi wannan jeri, a ba kowace unguwa kwanakinta, a daina tsalle daga wannan gefe zuwa wancan cikin cunkoson motoci.

Fusɗaɗ da unguwar Kibɗawa

A nan masallacin Amru ɗan Asi yake, masallaci na farko a ƙasar Masar. An sha rushe shi ana faɗaɗawa, don haka ginin da ake gani yanzu ba na asali ba ne, filin ne na asali. Tafiyar 'yan mintoci daga nan sai ragowar ganuwar Rumawa, wadda a cikinta akwai tsofaffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar. Akwai wadda ake kira “ratayayya” saboda an gina ta bisa ƙofar ganuwar, da ta Abu Sarja, inda Kibɗawa suka yi imani cewa Annabi Isa da mahaifiyarsa Nana Maryam sun fake lokacin zamansu a Masar. A nan ne kuma gidan tarihin Kibɗawa da tsohon wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra suke.

Kusa da su akwai gidan tarihin wayewar Masar, inda aka mayar da gawawwakin sarakunan dā guda 22 a watan Afrilun 2021, ciki har da ta Ramsis na Biyu. A tsibirin Rauda kuma akwai ma'aunin Nilu da aka gina a 861, rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya wadda da ita ake auna cikar kogi, daga nan a ƙiyasta amfanin gona da harajin shekara.

Masallacin Ibn Ɗulun da babbar ganuwa

An gina masallacin Ibn Ɗulun tsakanin 876 da 879, kuma shi ne mafi daɗewa a birnin da ya rage a kan siffarsa ta farko. Farfajiyarsa mai faɗi ce, ba hayaniya, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take, tana kewaya ta. Daga nan titin Saliba zai kai mutum dandalin da ke gindin ganuwa, inda manyan masallatai biyu ke fuskantar juna. Na Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356, makaranta ce da aka ware wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nan sashenta. Na Rifa'i kuwa a 1912 aka kammala shi, a cikinsa aka binne Sarki Faruƙ da kuma sarkin Iran na ƙarshe, Muhammad Riza Pahlavi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1980.

Ganuwar Salahuddin ta kasance fadar mulkin Masar kusan shekara 700. A samanta akwai masallacin Muhammad Ali, wanda aka fara a 1830 a kan salon masallatan Santambul. Idan sarari ya washe, daga bayansa ana hango birnin gaba ɗaya har zuwa dalar Giza. A kudu da ganuwar ne babbar maƙabartar Ƙarafa take, inda kabarin Imam Shafi'i yake, wanda ya rasu a 820, aka gina ƙubbar da ke kansa a 1211.

Birnin Fatimiyya

Ƙashin bayansa shi ne titin Mu'izz, mai tsawon kimanin kilomita ɗaya, daga ƙofar Babul Futuh ta arewa zuwa Babu Zuwaila ta kudu, dukansu ginin ƙarshen ƙarni na 11. Mai sauri zai ratsa shi a minti ashirin, mai lura kuma zai yi mako guda bai gama ba. A kansa akwai ginin Sultan Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabari da asibitin da ake jinya kyauta, da gidajen ruwan sha na sadaka da ake kira sabil, waɗanda galibi akwai makarantar yara a samansu, da tsofaffin gidajen attajirai masu tagogin katako.

An fara ginin masallacin Azhar a 970, aka buɗe shi a 972, daga baya ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya. Har yanzu ana zaman karatu a cikinsa, kuma a lungunan bayansa shagunan littattafan Larabci suke. Tsallaken titi akwai masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan Khalili, wadda asalinta masaukin fatake ne na ƙarshen ƙarni na 14. Ɗan kasuwa zai so ya ga Wakalar Ghuri, ginin farkon ƙarni na 16, inda ɗakunan ajiyar kaya ke ƙasa, masaukin baƙi ke sama, tsarin da zai tuna masa gidan fatoma. Bayan Babu Zuwaila kuma akwai rufaffen titin masu ɗinkin tanti da kayan adon bango. Gidan tarihin fasahar Musulunci yana Babul Khalƙ, ba nisa. Idan yamma ta yi, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 wuri ne na hutawa da kallon hasumiyoyi.

Sawun mutanenmu

Alaƙar wannan birni da ƙasashenmu tsohuwa ce, domin ta nan ɗaya daga cikin hanyoyin aikin hajji ta bi. Masanin tarihi Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a tsakiyar ƙarni na 13, ta zama masaukinsu. Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira a 1324, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi. A Azhar akwai sashen kwanan ɗalibai da aka san shi da sunan Barnawa.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ma da yawansu 'yan nan ne. Shaihu Khalil, mai Mukhtasar, mutumin Alƙahira ne na ƙarni na 14. Tafsirin Jalalaini, wanda ake jan baƙinsa kowane azumi, aikin Mahalli ne da Suyuɗi, dukansu malaman wannan birni. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ciki har da na Katsina da na Agadas. Haka kuma Muhammad Alkashnawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741. A yau ɗaliban Nijeriya da Nijar na da yawa a Azhar, wasunsu a unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Su ne mafi kyawun 'yan rakiya ga baƙo, sai dai ya tuna karatu ya kai su, ya kuma kyautata musu idan sun ɓata masa lokacinsu.

Dala da gidajen tarihi

A yammacin kogi dalar Giza suke, an gina su kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Babbar, ta Fir'auna Khufu, tsayinta na asali ya kai mita 146, an kuma ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3. Wanda yake da lokaci kada ya tsaya nan. A Saƙƙara akwai dalar Zosar mai hawa-hawa, wadda ta girme su, a Dahshur kuma akwai lanƙwasasshiya da ja, waɗanda Sinafru mahaifin Khufu ya gina. Ganin ukun a jere yana nuna yadda magina suka yi ta gwaji kafin su iya, kuma cunkoso ya fi ƙaranci a can.

Tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir an buɗe shi a 1902. Sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dala an ƙaddamar da shi a watan Nuwamban 2025, a cikinsa ne aka tara kayan kabarin Tutankhamun fiye da 5,000, kabarin da aka gano a 1922. Kowanne daga cikinsu na cin yini guda.

Zirga-zirga

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metiro, shi ne mafi sauri da araha. An buɗe shi a 1987, shi ne na farko a Afirka, yanzu kuma layi uku ne. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, ta Shuhada tana babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, ta Mar Girgis kuma tana bakin unguwar Kibɗawa. Tashar Giza ba a gindin dala take ba, sai an ƙara da mota. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata, namiji ya kula kada ya shiga.

Manhajojin Uber da Careem na aiki, kuma sun fi sauƙi ga baƙo domin ba ciniki. Wanda zai shiga farar tasi ya tabbatar an kunna mita, ko a yi jinga kafin a tashi. Ƙananan motocin bas suna ko'ina amma sai wanda ya san hanya, a cikin unguwanni kuma akwai tuk-tuk, irin adaidaita sahu. Lambobin motoci da farashin kaya da alƙaluman Larabci ake rubuta su. Wanda ya iya Larabcin littafi za a fahimce shi, amma shi sai ya saba kunne, domin mutanen Alƙahira na furta jimun kamar “g”, suna kuma haɗiye ƙaf.

Masauki da abinci da kuɗi

Mai zaman watanni ya fi samun sauƙi idan ya kama ɗaki mai kaya na wata-wata maimakon otel. Mutanenmu sun fi yawa a Madinatu Nasr da Abbasiyya, masu son kusa da metiro kuma kan nemi Duƙƙi ko tsakiyar gari. Kada a biya kuɗi sai an ga ɗakin da ido, a rubuta yarjejeniya, a san ladan dillali tun farko.

Abincin talaka yana da araha da ƙosarwa: ful da ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosai, da kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas, da gurasarsu ta gari. Bahaushe zai ga 'yan gida da wasu sunaye: mulukhiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade kuma zoɓo ne. Ruwan roba ya fi aminci ga sabon zuwa.

Kuɗin shiga wuraren tarihi ya fi tsada ga baƙi a kan 'yan ƙasa, mai katin ɗalibi na samun ragi, manyan wurare da dama kuma da katin banki ake biya. Saboda haka a tafi da katin da aka tabbatar yana aiki a waje. Canji a banki ko shagon canji mai lasisi ake yi, na bayan fage laifi ne. A riƙe ƙananan kuɗi domin tukuici, wanda suke kira baƙshish, al'ada ce ga mai tsaron takalma da mai buɗe hasumiya. A wajen dala kuwa a yi cinikin raƙumi ko doki har ƙarshe kafin a hau.

Abubuwan kiyayewa

An hana ɗaukar hoton wuraren soja da na 'yan sanda da shingayen bincike, shigo da jirgi marar matuƙi ba izini kuma laifi ne. Dokar ƙwayoyi mai tsanani ce, musamman kan tiramadol, wanda shigo da shi ya kai baƙi gidan yari. Mai shan magani ya tafi da takardar likita, ya bar shi a kwalinsa na asali. Kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga wane ne. A guji tarukan siyasa, a yi yawo da kwafin fasfo da biza. Sannan bizar yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki, ɗan kasuwar da ya so mayar da hutun saro kaya ya san cewa wannan wata tafiya ce mai nata takardun.

Wajen birni

Daga tashar Ramsis jirgin ƙasa na kai mutum Iskandariyya cikin kimanin sa'a uku. A can akwai ganuwar Ƙayitbai ta ƙarni na 15, wadda aka gina a gurbin tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa, da sabon babban ɗakin karatu da aka buɗe a 2002, da kabarin Imam Busiri mai Burda kusa da masallacin Abul Abbas Almursi. Ta kudu kuma jirgin dare na zuwa Uƙsur, inda gidan bautar Karnak da kwarin kaburburan sarakuna suke, ya zarce Aswan, inda babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970 take. Daga Aswan ake zuwa Abu Simbel, gine-ginen dutse da aka yanyanka aka ɗaga zuwa tudu a shekarun 1960 domin kada ruwan madatsar ya shanye su. Kwana goma sun isa wannan zagaye, kuma ya fi daɗi a tsakiyar sanyi.

Dawowa

Ya kamata matafiyi ya iso gida aƙalla wata guda kafin hutunsa ya ƙare. Ma'aikaci ya rubuta takardar komawa bakin aiki a ranar da aka tsayar, ya bi sawu har sunansa ya koma cikin jerin masu albashi, ya duba asusun fanshonsa. Malamin jami'a ya miƙa rahotonsa. Ɗan kasuwa ya sake ƙirga kaya a gaban shaidun da suka halarci na farko, ya sallami wakilinsa da abin da aka yi alƙawari. Wanda ya riƙe ɗan littafi yana rubuta wuraren da ya je, da tashar da ya sauka, da abin da ya kashe kowace rana, zai ga amfaninsa ranar da wani ɗan'uwa ya zo neman shawara kan irin wannan tafiya.